Ana Mendieta: 'Yar gudun hijirar da ta sa ruwan teku ya sada ta da gida

A jerin masu fasahar da suka yi suna a ƙarni na 20, da wuya a sami wanda ya yi aiki da kaya masu araha kamar na Ana Mendieta, ko wanda ayyukansa suka kai nata saurin gushewa. Rairayin bakin teku, taɓo, gashin tsuntsu, furanni, albarushi da ruwan gishiri su ne kayan aikinta. Takan zaɓi wuri guda, ta fitar da shacin jikinta a ƙasa, ta ɗauki hoto, sannan ta bar ruwa ko iska ko wuta su shafe abin da ta yi. Shekara 36 kacal ta yi a duniya, amma yau manyan gidajen adana kayan fasaha suna alfahari da hotuna da finafinan waɗannan ayyuka.

Dalilin da ya sa ta bi wannan hanya yana cikin tarihin ƙuruciyarta. Siyasa ta raba ta da iyayenta da ƙasarta tana 'yar shekara 12, teku ya shiga tsakani. Sauran rayuwarta ta yi ta ne tana neman hanyar komawa, har ta gane cewa ruwan da ya raba gaɓa biyu shi ne kuma yake taɓa kowacce. Irin wannan rabuwa ba baƙuwa ba ce ga mutanen Maiduguri, birnin da ya karɓi ɗimbin waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga garuruwan gaɓar Tafkin Chadi, cikinsu har da yaran da suka iso ba uwa ba uba.

Haihuwa da asali

An haifi Ana Mendieta ranar 18 ga Nuwamba, 1948, a Habana, babban birnin ƙasar Kyuba. Gidansu gidan masu hali ne kuma masu faɗa a ji. Mahaifinta, Ignacio, lauya ne. Mahaifiyarta, Raquel, malama ce da ta karanci ilimin haɗa sinadarai. Carlos Mendieta, wanda ya shugabanci Kyuba daga 1934 zuwa 1935, ɗan danginsu ne na kusa.

Ta tashi tsakanin Habana da gidan kakanninta na wajen uwa a garin Cárdenas, da kuma Varadero, inda farin rairayi ya miƙe a gaɓar arewacin tsibirin. A can ta fara sabawa da teku. Iyayenta mabiya ɗariƙar Katolika ne, amma daga bakin ma'aikatan gida ta riƙa jin labarin Santeriya, addinin gargajiyar baƙaƙen fatar Kyuba wanda tushensa ya fito daga ƙasar Yarabawa. Waɗannan abubuwa biyu, teku da labaran masu aikin gida, su ne guzurin da ta fita da shi ba tare da ta sani ba.

A farkon Janairun 1959, Fulgencio Batista ya tsere daga ƙasar, Fidel Castro da dakarunsa suka karɓi mulki. Da farko mahaifinta ya goyi bayan juyin. Da gwamnatin ta karkata zuwa ga kwaminisanci, sai ya juya mata baya, ya shiga sahun masu adawa da ita. A daidai lokacin ne ji-ta-ji-ta ta cika gari cewa gwamnati za ta ƙwace 'ya'ya daga hannun iyayensu ta tarbiyyantar da su yadda take so, har ma ta tura wasu Tarayyar Sobiyet. Tsoro ya kama iyaye. Ƙarƙashin wani shiri mai suna Pedro Pan, wanda cocin Katolika a Miyami ya gudanar da yardar gwamnatin Amurka, an fitar da yara sama da 14,000 daga Kyuba tsakanin 1960 da 1962, kowanne ba tare da iyayensa ba.

Ranar 11 ga Satumba, 1961, Ana da yayarta Raquelín suka sauka a Miyami. Iyayen sun ɗauka rabuwar ta ɗan lokaci ce, gwamnatin Castro za ta faɗi yara su dawo.

Maraici da iyaye a raye

Bayan ɗan zama a sansanin yara kusa da Miyami, aka tura su jihar Ayowa da ke tsakiyar Amurka, ƙasar gonakin masara da dusar ƙanƙara, nesa da kowane teku. Aka ajiye su a gidan marayu na garin Dubuque, daga nan kuma suka yi ta yawo daga hannun wannan mariƙi zuwa wancan. Ba su jin Turanci. Yarinyar da a Habana take 'yar gata, a Ayowa ta zama bare, 'yan makaranta suna yi mata gorin launin fata da na harshe. A nan ta fara sanin cewa matsayin mutum yakan canza da canjin ƙasar da ya taka.

Rikicin makamai masu linzami na Oktoban 1962 ya tsayar da zirga-zirgar jirage tsakanin ƙasashen biyu, ƙofar da iyaye suke sa ran bi ta rufe. Sai a 1966 mahaifiyarta da ƙanenta suka samu isowa. Mahaifin kuwa an ɗaure shi a kurkukun siyasa, bai taka Amurka ba sai 1979. Shekara 18 ke nan uba da 'ya ba su haɗu ba. Ya rabu da ita tana yarinya, ya same ta tana da shekara 30.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ana ba ita ta bar gida ba, fitar da ita aka yi. A bayanan da ta rubuta game da aikinta daga baya, ta kwatanta kanta da wanda aka cire daga cikin uwa kafin lokaci, ta kuma ce fasaharta ƙoƙari ne na sake ƙulla abin da aka tsinke tsakaninta da ƙasa.

Daga fenti zuwa ƙasa

Ta yi karatu a Jami'ar Ayowa, inda ta sami digirin farko a 1969, na biyu a fannin zane a 1972, da wani kuma a 1977. Malamin da ya fi tasiri a kanta shi ne Hans Breder, Bajamushe wanda ya kafa wani sashe da ke haɗa zane, sassaƙa, wasan dandamali da fim wuri guda. A 1972 ta ajiye buroshi da fenti, domin a ganinta hoton da aka rataye a bango ba shi da ƙarfin da take nema.

Ayyukanta na farko masu tsanani ne. A 1973, bayan an yi wa wata ɗaliba kisan gilla a jami'ar, ta shirya nune-nune da jinin dabba don tilasta wa jama'a kallon cin zarafin da ake yi wa mata. A wani aikin, ta zuba jini a bakin ƙofar wani gini, ta koma gefe tana ɗaukar masu wucewa da kyamara, ana ganin yadda yawancinsu suke kallo su yi gaba.

Ƙasar Mekziko ce ta buɗe mata sabuwar hanya. Ta fara zuwa can a 1971, ta ji ana magana da harshen uwarta, ta ga rana da launuka irin na gida. Tunda Kyuba a rufe take gare ta, sai Mekziko ta zama madadi. A 1973, a wani tsohon kabari na al'ummar Zapotec da ke Yagul a jihar Oaxaca, ta kwanta aka lulluɓe ta da fararen furanni kamar daga jikinta suka tsiro. Wannan ne mafarin jerin ayyukan da ta kira Silueta, wato shacin jiki, wanda ta ci gaba da yi har 1980, adadinsu ya haura 200.

Sannu a hankali ta daina sa jikinta cikin hoton, ta bar gurbinsa kawai. Takan haƙa siffar mace a taɓo, ko ta tara ta da ciyawa, ko ta zana ta da albarushi ta cinna wuta, toka ta rage. Mai kallo yana ganin inda mutum ya kwanta, amma mutumin ba ya nan. Wanda ya taɓa shiga ɗakin ɗan'uwansa da ya ɓace, ya tarar da tabarma a shimfiɗe, ya san abin da wannan gurbi yake faɗa.

Aikin da igiyar ruwa ke kammalawa

Wannan nau'in fasaha ana ƙirƙirar sa ne a wuri guda, domin wurin kaɗai, da kayan da aka tarar a wurin. Ba a naɗe shi a kai kasuwa, domin da zarar an ɗauke shi daga inda yake, ma'anarsa ta tafi. A shekarun 1970 akwai maza a Amurka da suka shahara da shi, amma da manyan motoci suke aiki. Robert Smithson, alal misali, ya jibge dubban tan na duwatsu da ƙasa a babban tafkin gishiri na jihar Utah a 1970, ya gina wata murɗaɗɗiyar hanya mai tsawon kusan mita 460. Ana kuwa, mace ce da tsayinta bai wuce kimanin ƙafa biyar ba, kuma girman jikinta shi ne ma'aunin aikinta. Hannu da ƙaramin abin haƙa sun ishe ta.

A gaɓar tekun Fasifik da ke Oaxaca ta yi wasu daga cikin ayyukanta da aka fi sani. A 1974 ta lulluɓe jikinta da farin gashin tsuntsu, ta bar igiyar ruwa tana juya ta har ta turo ta bakin gaɓa, tamkar tsuntsuwar da guguwa ta jefo ƙasar da ba tata ba. A 1976 ta haƙa shacin mace a rairayi daidai inda ruwa yake kaiwa, ta cika shi da jan launi. Igiya ta farko ta shiga ramin, ta biyu ta kwashi jan, waɗanda suka biyo baya suka cinye gefe, har wurin ya koma sumul. Ta ɗauki kowane mataki a hoto. Zaɓen wurin shi ne rabin aikin: da ta haƙa can sama, ruwa ba zai kai ba, da ta haƙa can ƙasa, ba za ta gama ba ruwa zai rushe. Sai ta san lokacin cikar teku da janyewarsa, ta yi nata, ta bar masa nasa.

Ga wanda ya saba auna darajar abu da daɗewarsa, wannan zai yi kama da ɓarnar lokaci. Amma matan Borno da suka shahara da zanen lalle sun san ba haka ba ne. Mai ƙunshi takan shafe sa'o'i tana zuba gwaninta a hannun amarya, alhali ta san bayan 'yan makonni zanen zai koɗe. Koɗewar ba ta rage masa daraja, domin an yi shi ne don wannan hannu da wannan rana.

Abin da ya rage na ayyukan Ana shi ne dubban hotuna da finafinai sama da 100, yawancinsu gajeru ne kuma ba su da sauti.

Komawa tsibiri

A 1978 ta koma birnin New York, ta shiga A.I.R., zauren baje koli da mata masu fasaha suka kafa a 1972 don kansu. Ba ta daɗe ba ta lura cewa fafutukar matan Amurka ta fararen fata masu hali ce. A 1980, ita da wasu abokan aiki biyu suka shirya baje kolin ayyukan matan da asalinsu ya fito daga ƙasashe masu tasowa, domin su ma a ji muryarsu.

A daidai wannan lokaci dangantaka ta ɗan sassauta. Gwamnatin Jimmy Carter ta ɗage takunkumin tafiye-tafiye a 1977, gwamnatin Castro kuma ta amince a 1978 ta saki dubban fursunonin siyasa, ta bar waɗanda suka yi hijira su kawo ziyara. A Janairun 1980 Ana ta taka ƙasar Kyuba karo na farko tun 1961. Abin lura shi ne, a wannan shekarar ce mutane kimanin 125,000 suka fice daga tashar ruwa ta Mariel zuwa Fulorida cikin ƙananan jiragen ruwa. Jama'a na tururuwar fita, ita tana neman shiga. Da yawa daga cikin 'yan hijirar Miyami suna ɗaukar duk mai komawa a matsayin maci amana, amma ita ta riƙe cewa zumunci a ƙafa yake, ta yi ta zuwa har 1983.

A 1981, da izinin ma'aikatar al'adu ta Kyuba, ta shiga kogunan dutse na Jaruco, gabas da Habana, ta sassaƙa siffofin mata a jikin farin dutse mai laushi. Ta raɗa musu sunaye daga tatsuniyoyin al'ummar Taino, mutanen da suke tsibirin kafin zuwan Turawan Sifaniya. A karon farko, ƙasar da take aiki a kanta ita ce wadda aka binne cibiyarta a ciki.

Ochún: sunan da ya tashi daga Najeriya

Duk da haka ba ta zauna a Kyuba ba. Iyayenta da 'yan'uwanta suna Amurka, kakanni da ƙuruciyarta suna tsibiri. Ta zama mai gida biyu wadda ba ta cika a kowanne ba. Daga wannan hali ne aikinta mafi bayyana ma'anar rabuwa da saduwa ya fito.

A 1981, a ruwa mara zurfi na gaɓar Key Biscayne kusa da Miyami, ta tara rairayi ta yi kunya biyu masu lanƙwasa, suna fuskantar juna, suka fitar da siffar jikin mace. Ta bar tsakiyarsu a buɗe, ruwan teku yana shiga yana fita. Ta ɗauki aikin a bidiyo na kimanin minti takwas, wannan karon da sauti, ana jin motsin ruwa. Masana da yawa sun fassara kunyoyin biyu da ƙasashen biyu, ruwan da ke ratsa su kuma shi ne ya mai da su jiki ɗaya.

Wurin ma da kansa yana magana. Tazarar da ke tsakanin Kyuba da ƙarshen tsibiran Fulorida kimanin kilomita 145 ce, kuma akwai wani ƙaƙƙarfan magudanin ruwa a cikin tekun da ke bi ta mashigin da ya raba su, sannan ya juya arewa ya wuce ta gaban Miyami. Ke nan ruwan da ya ratsa rairayin Ana ya riga ya gifta ta arewacin ƙasar haihuwarta. Abin da fasfo da biza suka hana mutane, ruwa yana yin sa kullum ba tare da izinin kowa ba.

Ta sa wa aikin suna Ochún. Wannan suna daga Najeriya ya tashi. Shi ne Osun, kogin da ya ratsa Osogbo, wanda masu addinin gargajiyar Yarabawa suke girmamawa, kuma jihar Osun ta ci sunansa. Yarabawan da aka kama aka sayar aka tsallaka da su tekun Atlantika, waɗanda a Kyuba ake kira Lukumi, sun tafi da sunan a bakinsu, suka riƙe shi har bayan an soke bauta a tsibirin a 1886. Da ta zaɓi wannan suna, sai ta ɗora rabuwarta a kan wata rabuwa da ta fi tata tsufa da zafi, ta kuma nuna cewa abin da mutane suka ɗauko a ƙirji yana iya tsallake teku ya rayu.

A shekarar dai, a unguwar 'yan Kyuba da ke Miyami, ta manna siffar mutum da gashin kai a gindin wani rimi, itacen da mabiya Santeriya suke girmamawa. Mutanen unguwar suka karɓi aikin kamar nasu, suka riƙa ajiye abubuwa a wurin. A 1983 ta sake komawa gaɓar Miyami, ta yi wani jerin siffofin mata da rairayi.

Rum, aure da rasuwa

A 1983 ta ci wata babbar kyauta da ta ba ta damar zama a birnin Rum na Italiya, inda ta sami ɗakin aiki nata na kanta. A can ta fara yin abubuwan da za su daɗe. Takan cakuɗa rairayi da ƙasa da abin ɗanko ta yi siffofi a shimfiɗe, takan ƙona zane da albarushi a jikin kututturen itace, takan yi zane a kan ganye. Sunanta ya fara tashi a Turai.

A Janairun 1985 ta auri Carl Andre, fitaccen mai sassaƙa Ba'amurke da ta haɗu da shi a 1979. Wata takwas bayan auren, da asubahin 8 ga Satumba, 1985, ta faɗo daga tagar gidansu da ke hawa na 34 a New York, ta rasu. An gurfanar da mijin bisa zargin kisa. Lauyoyinsa suka ce haɗari ne ko kuma ita ta jefa kanta. Danginta da ƙawayenta suka ƙi yarda, suna cewa mace ce mai tsananin tsoron wuri mai tsawo, kuma a lokacin aikinta yana bunƙasa. A Fabrairun 1988 alƙali ya wanke shi saboda hujjojin ba su kai matsayin kawar da shakka ba. Andre ya rasu a 2024, amma muhawarar ba ta mutu ba.

Abin da ta bari

A 1987 aka yi babban baje kolin ayyukanta a New Museum da ke New York. A 1992 ɗaruruwan mata suka yi zanga-zanga a ƙofar sabon reshen gidan fasaha na Guggenheim, suna tambayar dalilin da ya sa aka baje aikin mijin aka manta da nata. Manyan nune-nune sun biyo baya a Amurka a 2004 da Landan a 2013. A 2018 jaridar New York Times ta wallafa tarihin rasuwarta, shekara 33 bayan faruwar abin, cikin jerin mutanen da ta amince ta yi sakaci da su. Yayarta Raquelín, wadda suka sauka Miyami tare, ita ta tsaya wajen adana hotunan da finafinan.

Ga matasa masu koyon fasaha a Jami'ar Maiduguri da sauran makarantun Arewa, rayuwarta tana ɗauke da darasi mai amfani. Tsadar fenti da rashin zauren baje koli ba su isa su hana mutum faɗin abin da ke ransa ba. Borno ba ta da teku, amma tana da Tafkin Chadi, wanda ruwansa ya haɗa Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru, inda dangi ɗaya suke warwatse a gaɓa huɗu. Tana da rairayin kogin Ngadda, da kanwa, da tsofaffin kwale-kwale da komar masunta. Tana kuma da dubban mutanen da suke da labarin rabuwa wanda ba a riga an ba shi siffa ba.

Sassaƙe-sassaƙen Jaruco, ruwan sama da tsiro sun lalata da yawa daga cikinsu. Rairayin Key Biscayne ya daɗe da komawa cikin teku. Bidiyon Ochún kuwa har yanzu ana nuna shi a ƙasashe daban-daban, kuma cikin masu zama su kalla akwai 'ya'ya da jikokin waɗancan yara 14,000.